Jemagu a Silin, Ɓeraye a Sito: Ku Tambaya Mu Amsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Jemagu sun tare mana a silin, warin fitsarinsu ya kore mu daga ɗaki guda. Maigida ya ce gobe da rana zai toshe duk kafofin rufin. Hakan ya wadatar?
Daga wata uwargida

Amsa: Wa'alaikumus salam, uwargida. Don Allah ki ce maigida ya dakata. Da rana jemagu suna ciki suna barci, toshewa a lokacin kulle su ne. Wasu za su mutu a silin wari ya ninka, wasu su ɓullo cikin ɗakuna.

Da magariba mutum biyu su tsaya a kusurwoyin gidan su ga ta inda suke fita. Ƙaramin jemage na kutsawa ta tsagar da ba ta wuce santimita 1 ba, kuma bakinta kan yi baƙin maiƙo, ga kashi a ƙasanta. A toshe duk sauran tsagogi da siminti ko ragar ƙarfe, a bar babbar ƙofarsu kaɗai. A kanta a rataya raga mai laushi, a kafe sama da gefuna, ƙasan kuma a bar shi sake, ya zarce ramin da kamar santimita 60. Za su zame su fita, amma ba su gane hanyar komawa. Bayan dare 5 zuwa 7, idan motsi ya ɗauke, sai a toshe.

Idan ana jin kukan 'ya'yan jemagun, a jira makonni har su fara tashi, domin uwa kaɗai za ta fita, su kuma su mutu a ciki.

Kashin da ya daɗe yana iya ɗauke da wata fumfuna mai kama huhu idan aka shaƙi ƙurarta. Mai kwasa ya sa takunkumin N95 (mai tace ƙura sosai) da safar hannu, ya yayyafa ruwa har kashin ya jiƙe kafin ya taɓa shi. Allon silin da fitsari ya ratsa cire shi ake yi, fenti ba ya rufe warin. Wanda jemage ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, ya je asibiti a ranar saboda cutar haukan kare, ko da bai ga rauni ba. Haƙoran jemage ƙanana ne ƙwarai.

Tambaya: Na buɗe sito na tarar da kashin ɓera ko'ina. In share da tsintsiya?
Daga wani magidanci

Amsa: Malam, ajiye tsintsiyar. Shara a bushe tana tayar da ƙura, ita ce kuma ke kai ƙwayoyin cuta irin su hanta-bairos (sunanta ne kawai, ba ciwon hanta ba ce) da na zazzaɓin Lassa cikin hanci. Buɗe ƙofa da taga minti 30, ka fita. Ka haɗa bilic kofi 1 da ruwa kofi 9, sabon haɗi a ranar. Da safar roba a hannu, fesa wa kashin da sheƙarsu har su jiƙe sharkaf, ka jira minti 5, ka kwashe da takarda, ka ƙulle a leda biyu. Kada ka gauraya bilic da wani sinadarin wanki, hayaƙinsa guba ne. Abincin da suka taɓa a zubar da shi.

Ƙaramin ɓera na wucewa ta ramin milimita 6, kaurin fensir ke nan. Cusa soson ƙarfe a ramin ka shafe da siminti. Tsumma da katako gaigaye su yake yi.

Tambaya: Na sa gubar ɓera, yanzu wari ya cika falo, ban ga gawar ba.
Daga wani ɗalibi

Amsa: Matsalar guba ke nan, ɗan'uwa: ɓera na komawa maɓoyarsa ya mutu, kyanwar da ta ci shi ma tana iya mutuwa. Bi inda ƙudaje ke taruwa. Idan gawar na cikin bango, warin kan ɗauki mako biyu ko fiye kafin ta bushe. Nan gaba ka yi amfani da tarko, ka jera su jikin bango, bakin tarkon na fuskantar bangon, domin ta gefe ɓera ke bi.