Sufabaiza ya ce aikina ba bincike ba ne, ta ina zan fara?

Tambaya: Salam Malam. Ina digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta a nan Kaduna, na haɗa manhajar da take karanta rubutun Hausa ta faɗi ko yabo ne ko suka, kuma tana aiki sarai, amma sufabaiza ya dawo min da takarduna ya ce wannan furojet ne ba bincike ba, rubutun ma sai na gyara. Don Allah ta ina zan fara? Daga wata ɗaliba a Tudun Wada.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Gaskiya sufabaizanki bai zalunce ki ba, bayani ne dai bai yi miki ba. A digirin farko in kika haɗa manhaja ta tashi ta yi aiki ranar difens, wato ranar kare furojet, an wuce wurin, to a digiri na biyu ba a tambayar ko tana aiki, tambayar ita ce me muka sani yanzu wanda ba mu sani ba kafin ki yi aikin, kuma da wace hujja. Don haka abu na farko ki mayar da aikin naki tambaya. Misali, shin manhajar da aka horar da Hausa zalla tana rikicewa in mutum ya gauraya Hausa da Turanci a jimla ɗaya yadda 'yan Kaduna muke yi kullum, kuma in tana rikicewa har ina? Wannan tambaya ce da za a iya gwadawa, amsar kuma za ta iya fitowa saɓanin abin da kike so, wanda hakan ma sakamako ne a rubuta shi.

Daga nan sai karatu, ki ga me aka riga aka yi. A fanninki akwai NaijaSenti da ya fito a 2022, tarin rubuce-rubucen Twitter ne da aka yi wa alamar yabo ko suka ko tsaka-tsaki a Hausa da Yarbanci da Ibo da Fijin, kusan 30,000 a kowane harshe, akwai kuma AfriBERTa na 2021, manhajar fahimtar harshe da aka horar da harsunan Afirka har da Hausa. In kika rubuta cewa ba wanda ya taɓa irin wannan aiki a Hausa, mai jarrabawa na waje a shafin farko zai kama ki. Ki shiga Google Scholar da arXiv, shafukan da ake samun takardun bincike, kuma kar ki ce sai kin karanta kowace takarda daga farko har ƙarshe, za ki gaji a banza. S. Keshav, lokacin yana Jami'ar Waterloo a Kanada, ya ba da shawara a 2007 a bi takarda sau uku, na farko a duba take da taƙaitawa da kammalawa cikin 'yan mintuna, na biyu a duba jadawali da zane, na uku ne ake zama a tsefe ta, kuma takardu kaɗan ne suka cancanci na ukun.

Inda na fi so ki natsu shi ne gwaji, don nan ɗalibanmu suka fi zubewa. Lamba ita kaɗai ba ta nufin komai. In kika ce manhajarki ta ci kashi 95 cikin 100 zan tambaye ki, idan aka kwatanta da me? Ɗauki misali kina da saƙo 1,000, 950 na yabo 50 na suka, manhajar da ba ta san komai ba sai cewa yabo ne a kowane saƙo ita ma 95 za ta ci alhali ko suka ɗaya ba ta gano ba. Shi ya sa ake ba da ma'aunin F1 na kowane rukuni, wato makin da ke haɗa yawan saƙonnin rukunin da manhaja ta gano da yawan daidai cikin waɗanda ta sa a rukunin, shi ya sa kuma dole ki fara da hanya mai sauƙi irin Naive Bayes, wadda ke rarraba saƙo ta ƙirgen kalmomi, ki gwada ta da taki a kan data ɗaya, in babbar hanyar taki ba ta doke ta ba to ki faɗa. Sannan ki raba datar tun farko, ta horarwa daban ta gwaji daban, ta gwajin kar ki taɓa ta sai ƙarshe. Rubutun Twitter yana yawan maimaituwa, in saƙo ɗaya ya faɗa ɓangare biyun kamar kin ba ɗalibi takardar jarrabawa ne tun daren jiya, makin zai yi kyau amma na ƙarya ne. Ki maimaita gwajin sau 3 ko 5 ki ba da matsakaici, ki rubuta duk saitin da kika yi amfani da shi ranar da kika yi, ki riƙa ajiye kod ɗin manhajar a GitHub, shafin ajiye kod a intanet, da yadda wuta take a garin nan da satar laftof ba na ba kowa shawarar ya dogara da na'ura ɗaya.

Rubutu kuma kar ki fara da gabatarwa. Fara da yadda kika yi aikin, dalla-dalla yadda wani a Zariya zai karanta ya maimaita ba sai ya kira ki a waya ba, sai sakamako, sai abin da sakamakon ke nufi da inda ya gaza, gabatarwa da taƙaitawa su zo ƙarshe lokacin kin san me kike gabatarwa. Turanci mai sauƙi, gajerun jimloli, manyan kalmomi ba sa burge mai jarrabawa. Duk maganar da ba taki ba ki nuna mai ita, manhajar Zotero kyauta ce za ta jera miki manazarta a tsarin IEEE na injiniyoyi ko wanda sashenku ke so, in kin samu sarari ki koyi LaTeX, tsarin shirya rubutun kimiyya, a shafin Overleaf don yawancin tarukan fanninmu da shi ake tura takarda. Sauya kalmomi don a tsallake Turnitin, manhajar gano satar rubutu, ba ya cire aiki daga sata, ChatGPT kuma yana ƙirƙiro sunayen takardun da babu su, duk wadda ya ba ki sai kin nemo ta kin gani da idonki.

In lokacin bugawa ya zo, mujallar da ta ce ki biya kuɗi a buga miki cikin sati ɗaya ki guje ta, ki duba ko tana cikin Scopus ko DOAJ, jerin mujallun da aka tantance, tukuna. Yanzu dai ki rubuta shafi ɗaya, tambayarki, datar da za ki yi amfani da ita, hanyar da za ki kwatanta da ita, da ma'aunin, shi za ki kai wa sufabaiza kafin ki sake taɓa babi na ɗaya.