Filin Tambaya da Amsa: An ce kakanmu Baturen Fotugal ne

Tambaya: Assalamu alaikum. Kakata ta wajen uwa 'yar unguwar Jamestown ce a Accra, sunan gidansu irin na mutanen Fotugal ne. A gida ana cewa kakan kakanta Bature ne da ya zo daga can ta jirgin ruwa. Ta ina zan fara in gano garinsu? (Wata mai karatu daga Nima, Accra)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki fara daga Fotugal tukuna, domin sunan gida kaɗai ba ya tabbatar da cewa akwai Bature a zuriya. Gaskiya ne Turawan Fotugal sun gina ganuwar Elmina a gaɓar tekun Ghana a 1482, amma mutanen Holan sun ƙwace ta a 1637, sannan suka karɓe ta Axim a 1642. Tsakanin wancan zamani da kakan kakan kakarki ma akwai tazara mai yawa. Galibin gidajen Jamestown masu irin wannan suna na Tabom ne, 'yan Afirka da aka bautar a Brazil suka dawo, musamman a 1836, bayan tawayen Musulmi da aka yi a Salvador ta jihar Bahia a watan azumin 1835. Sun zauna a unguwar Otublohum, inda Brazil House yake har yau. A Brazil, a zamanin bauta, bawa kan ɗauki sunan ubangidansa ko na wanda ya tsaya masa a coci. Da yawansu Musulmi ne, akwai kuma Hausawa a ciki, don haka mai yiwuwa binciken ya kai ki ƙasar Hausa maimakon Lisbon.

Ki fara da tsofaffin gida, ki zauna da kowannensu shi kaɗai. In an tara su wuri guda, babba ke magana, saura su ce haka ne. Ki tambayi sunan yankan kakan, laƙabi, sunansa na Ga (ƙabilar Accra), sana'a, inda aka binne shi da kuma filin da ya bari. Ki nemi ƙasidun da ake bugawa lokacin jana'iza, da takardun fili da wasiyya. Kowane bayani ki rubuta wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa.

Daga nan sai ma'ajiyar takardun gwamnati, PRAAD, a Accra. Kada ki sa rai sosai da takardar haihuwa, don rajistar haihuwa ba ta fara a Gold Coast (Ghana ta zamanin mulkin mallaka) ba sai 1912, ita ma a manyan garuruwa kawai. Abin da ya fi amfani shi ne kundin shari'o'in fili da na gado. A gaban alƙali shaida kan jero wa ya haifi wa, wa ya sauko daga jirgi, wane sarki ya ba shi fili. Matsalar da ke ɓatar da mutane ita ce rubutun suna: magatakarda Bature ko ɗan Ga ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Ki nemi sunan ta kowace siga, da "da" ko "de" a gabansa, da kuma babu.

Idan sawun ya nufi Bahia, ma'ajiyar tarihi ta jihar a Salvador na da rajistar fasfo na masu tafiya Afirka da takardun 'yanta bayi. Za ki ji ana cewa an ƙone duk takardun bauta a Brazil. Umurnin da minista Rui Barbosa ya bayar a 1890 ya shafi na baitulmali ne, na coci da na kotu da yawa suna nan. A waɗannan takardu ana rubuta Bahaushe "Ussá" ko "Haussá". In kin ga "Mina", ba lalle Elmina ake nufi ba, duk gaɓar teku har wajen Legas haka suke kiranta.

In kuwa ya tabbata Bature ne, abu guda kike nema: sunan gundumar cocinsu, wadda suke kira freguesia. Kafin 1911 limaman coci ne ke rubuta haihuwa da aure da mutuwa, kowace gunduma da littafinta, kuma gundumomin dubbai ne. Ba tare da wannan suna ba, neman wani Silva ko Costa a Fotugal kamar neman wani Malam Musa ne a kasuwar Kumasi. Takardar aure ko fasfo ce ta fi kawo shi, bayan kalmomin "natural de", wato "ɗan asalin". Da kin samu, shafin tombo.pt zai kai ki ga hotunan littattafan, kyauta. Rubutun baftisma na ƙarni na 19 yakan kawo sunan iyaye da kakanni huɗu da garuruwansu. Sai dai ki lura, sunan uwa ke zuwa kafin na uba, 'yan ɗaki ɗaya na iya ɗaukar suna daban-daban, mata da yawa kuma ba su da sunan gida sai irin su Maria de Jesus.

Tambaya: Gwajin DNA ba zai taƙaita wahalar ba? (Wani mai karatu daga Aboabo, Kumasi)

Amsa: Yana taimakawa, Malam, amma ba ya faɗin gari. Gadon jini na raguwa da kusan rabi a kowane hawa: kaka kashi 25 cikin 100, mahaifin kaka wajen 12, kakan kaka wajen 6, na gaba da shi 3, daga nan yana iya ɓacewa ƙurmus. Shi ya sa ake gwada wanda ya fi kowa tsufa a gida. Gwajin Y kuwa, wanda maza kaɗai ake yi wa, layin uba zalla yake bi, don haka in ta wajen uwa kakan yake, sai a nemi kawu ko ɗan kawu da ya fito ta maza tun daga shi.