Tambaya da Amsa: Mu biya kuɗin Dawn of War IV tun bai fito ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne a nan Sakkwato, Mabera nike zaune. Tun randa munka ga bidiyon tallan wasan kwamfuta na Dawn of War IV, ni da abokaina ba mu da wata hira sai tasa. Mu huɗu ne, mun yi shawarar mu haɗa kuɗi mu biya da zarar an buɗe sayarwa, kada a bar mu baya. Laftof ɗina na hannu ne, Core i5 ƙarni na shida, ram giga 8, ba shi da katin hoto na daban. Wasan ga zai kai yadda ake zuzuta shi kuwa? Mu biya tun yanzu ko mu dakata?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ku dakata. Kuɗin nan su zauna a aljihunku har wasan ya fito, ya yi ko mako guda a hannun mutane. Bari in faɗa maka dalili, don na san ɗoki ba ya jin "dakata" haka kawai.

Ga abin da ke tabbas. An sanar da Warhammer 40,000: Dawn of War IV a watan Agustan 2025, a baje kolin wasanni na Gamescom da ake yi a birnin Kolon na Jamus, aka ce zai fito a 2026 a kan kwamfuta. Kamfanin King Art Games na birnin Bremen ne ke gina shi, Deep Silver ke da sayarwa. Runduna huɗu aka bayyana: Space Marines, Orks, Necrons da Adeptus Mechanicus. Fagen daga kuwa duniyar Kronus ce, wadda tsofaffin hannu suka sani tun Dark Crusade na 2006, ƙarin da aka yi wa Dawn of War na farko. An kuma yi alkawarin dawo da gina sansani da tara babbar runduna, kuma wannan alkawari shi ne ya tayar da ƙurar da kuke ciki.

Sai ka san tarihin gidan kafin ka gane me ya sa. Na farko ya fito a 2004 daga kamfanin Relic na ƙasar Kanada: ka kafa sansani, ka kame wuraren da ke kawo maka arziki, ka tara mayaƙa, ka afka wa maƙwabci. Na biyu a 2009 ya ajiye gine-gine gefe, ya ba ka 'yan tsirarun dakaru ka lallaɓa su daga fage zuwa fage. Wasu suka so, wasu suka yi ta gunaguni. Na uku ya zo a watan Afrilun 2017, ya so ya faranta wa ɓangarorin biyu rai, ya tashi bai gamsar da ko ɗaya ba. Kafin shekara ta zagayo, a farkon 2018, kamfanin ya sanar cewa ya daina ƙara masa sabbin abubuwa. Abin da nake so ka riƙe shi ne bidiyon da aka fara tallata na ukun da shi a 2016. Har yau ana yaba shi, yana cikin mafiya kyau da aka taɓa yi wa wasan dabarun yaƙi. Waɗanda suka biya saboda shi su ne suka fi kowa cizon yatsa.

Bidiyon talla iri biyu ne. Akwai wanda fim ne zalla, masu zanen kwamfuta suka tsara shi daƙiƙa bayan daƙiƙa, wani lokaci ma wani kamfani daban ake ba kwangilarsa. Akwai kuma wanda aka ɗauko daga cikin wasan. Gane su ba wuya. Duba kusurwar allo: akwai ƙaramar taswira? Akwai lambobin da ke nuna dukiyar da ɗan wasa ya tara? Kana ganin kibiyar maus tana zagaye mayaƙa tana ba su umarni? In babu ko ɗaya, fim ka kalla, ka ji daɗinsa a matsayin fim. Ko wanda aka ɗauko daga cikin wasan ma, a kan kwamfuta mafi ƙarfi aka naɗe shi, aka zaɓi minti biyu mafi armashi cikin awanni.

Wasan dabaru kuma ya fi kowane irin wasa wuyar aunawa da ido. Ka tsaya wurin masu dara a gindin bishiya da la'asar: ramuka 30 a ƙasa, wannan da tsinke 12, wancan da tsakuwa 12. Ba abin kallo a kayan, amma mutum zai wuni a wurin, saboda doka ɗaya ce a kan kowa kuma abokin karawa yana da kai. Na kwamfuta ma a nan daɗinsa yake, kuma a nan ake faɗuwa.

Ɗauki tafiyar mayaƙa. Ka zaɓi dakaru 40 da motocin yaƙi biyar ka ce su tsallaka wata siririyar gada. A wasan da aka gina da kyau za su jeru su wuce. A wanda aka yi wa aikin gaggawa, mota ɗaya za ta tokare bakin gadar, sauran su yi ta zagaye a bayanta, rabinsu su ɗauki wata doguwar hanya su faɗa bakin bindigogin abokan gaba, kai kuwa kana ta danna maus kana huci. Wannan matsala ce ta lissafi mai wahala, tun zamanin Dune II na 1992 ake fama da ita, kuma ba a taɓa nuna ta a talla. Sai daidaito tsakanin runduna. Huɗun nan kowacce da salonta, in ɗaya ta fi sauran ƙarfi ko da kaɗan, cikin kwanaki 'yan wasa za su gano, kowa ya koma kanta, gasa ta mutu. StarCraft na 1998 runduna uku kawai gare shi, amma sai da aka yi shekaru ana gyara lambobi kafin ya zauna daram, har ya zama wasan da ake nunawa a talabijin a Koriya ta Kudu. Ga kuma wayon kwamfuta in ita ce abokiyar karawarka: tana yin dabara ne, ko dukiya ake ƙara mata a ɓoye don ta zama mai wuya? Duk waɗannan sai dubban hannuwa sun taɓa wasa suke fitowa fili.

Jira mai tsawo ba ya nuna ko wasa zai yi kyau. An sanar da StarCraft II a 2007, bai fito ba sai Yulin 2010, ya kuma biya masu jiransa. Homeworld 3 an sanar da shi a 2019, masoya har da zuba kuɗinsu tun ana gini, aka ɗaga ranar fitowarsa sau da dama, ya fito a Mayun 2024, sama da shekara 20 bayan na biyu, da yawa cikin masu jiran suka ce labarinsa bai kama ƙafar na da ba. Stormgate, wanda tsofaffin ma'aikatan Blizzard, kamfanin da ya yi StarCraft, suka gina, ya tara sama da dala miliyan biyu a Kickstarter, shafin tara gudummawar jama'a, amma da aka buɗe shi a 2024 tun bai kammala ba, tarbar da ya samu ba ta kai ɗokin da aka yi ba. StarCraft: Ghost kuwa an sanar da shi a 2002, bai fito ba har abada.

Nawa ra'ayin game da King Art: ba baƙi ba ne a wannan fage. Su suka yi Iron Harvest a 2020, kuma sun iya sa ka ji nauyin ƙarfe in babbar na'urar yaƙi ta taka ƙasa, abin da duniyar Warhammer ke buƙata ke nan. Wannan ya sa nake kyautata zato. Kyautata zato dai ba ya sa in zaro kuɗi.

Yanzu maganar "kada a bar mu baya". Wa zai bar ku? Wasan da ake saukewa ta intanet ba ya ƙarewa a shago. Wanda ya biya wata shida kafin fitowa da wanda ya biya mako guda bayanta, fayil ɗaya za su sauke, sai ma dai na biyun ya tarar an toshe ɓarakar kwanakin farko. Abin da aka saba ba masu biya da wuri bai wuce kwalliyar sulke ko 'yan kwanaki na fara bugawa kafin kowa ba. A kan wannan ba a yin cinikin biri a sama, balle da dala, don Steam, shagon sayar da wasannin kwamfuta na intanet, ba ya sa farashi da naira.

In kun ƙi ji sai kun biya, to ku biya a cikin Steam kansa. Dokarsu ita ce ana mayar da kuɗi cikin kwana 14 da saye, muddin ba a buga wasan ya kai awa biyu ba, wanda aka biya kafin fitowa kuma ana iya fasawa kowane lokaci kafin ranar. Amma lura da abu biyu. In da katin kyauta ka zuba kuɗi a asusunka, can cikin asusun za su koma, ba za ka sake ganinsu a matsayin naira ba. In kuma lambar buɗe wasa ka saya a hannun wani mai talla a WhatsApp don ya rage maka, Steam ba ruwansa da kai. Data da ka ƙona wajen saukewa ita ma ta tafi ke nan, kuma manyan wasannin yanzu gomman giga suke ci, ban da gyare-gyaren da ke biyo baya.

Akwai abin da ban ga alamar kun lissafa ba. Ku huɗu, saye ɗaya. Kwafi ɗaya mutum ɗaya ke buga shi a lokaci guda, ko da kun bi ta tsarin iyali na Steam, wanda dama don 'yan gida ɗaya aka yi shi. Ke nan karawar da kuke mafarki, kai da Orks abokinka da Necrons, ba za ta yiwu da kuɗin da kuka haɗa ba. Sai dai ku riƙa karɓa-karɓa a kujera ɗaya.

Laftof ɗinka kuwa, gaskiya ɗaya ce, ba zai ɗauka ba. Irin wannan na ofis aka ƙera shi. Sashen hotonsa a cikin furosesa yake, aron ram yake yi daga giga takwas ɗin nan, sabon wasa mai ɗaruruwan mayaƙa da hayaƙi da fashe-fashe a allo ɗaya kuwa katin hoto mai zaman kansa yake nema. Kada wani mai gyara ya ce maka ƙarin ram zai warware. Ram da ma'ajiyar fayil ana canza su a laftof da yawa, katin hoto ba a dasa shi a irin naka. Kafin ka sayi kowane wasa, gangara ƙasan shafinsa a Steam, akwai jeri biyu na abin da yake buƙata. Na farko mafi ƙaranci ne, ma'anarsa wasan zai buɗe. Na biyun, wanda suka ba da shawara, shi za ka auna na'urarka da shi.

Ko wanda ke da na'ura mai ƙarfi a garin nan yana da abokin gaba da ba a rubuta a wancan jeri ba. A Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40. Furosesa in ya doshi digiri 100 da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, shi ya sa za ka ga wasa ya fara lafiya lau, bayan minti 20, daidai lokacin da runduna suka yi yawa aka shiga yaƙi na gaske, ya fara tsinkewa. Ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe fankar tun Janairu. A kai a buɗe a share, a sabunta man da ake shafa wa furosesa, a daina ɗora laftof a kan katifa. In an ɗauke wuta ya koma kan batir, yawancinsu rage ƙarfi suke yi.

To me za ku yi da ɗokin nan kafin lokacin? Ku sa wasan a jerin abin da kuke so a Steam, kyauta ne, za a aiko muku da saƙo ranar da ya fito da duk ranar da aka rage farashi. Manyan rangwamen suna zuwa ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba. Sannan ku koyi sana'ar, don wanda bai iya raba runduna da lambobin kibod ba, ko wane sabon wasa ya saya duka zai sha. Dawn of War na farko tsoho ne, naka zai ja shi, an ma sake fitar da shi da gyara a Agustan 2025, sai dai ka duba buƙatun wannan sabon bugun. StarCraft II kyauta ne tun Nuwamban 2017, har da labarin kashi na farko. Wajen giga 30 yake nema, kuma sai ka sauke ingancin hoto ƙasa. Don karawa tsakaninku ba tare da ƙona data ba, OpenRA da Warzone 2100 kyauta ne, marasa nauyi, kuma suna yarda a haɗa kwamfutoci a ɗaki ɗaya a kan waifai guda. Wanda ba shi da laftof a cikinku ya sauke Mindustry a wayarsa ta Android.

Ranar da Dawn of War IV ya fito, ku bar bidiyon kamfani, ku nemi na wani ɗan wasa da ya naɗi karawa guda cikakkiya ba yanke, ku tsallaka zuwa minti na 30 ku ga yadda mayaƙa ke bin umarni in fage ya cika. A shafin Steam kuma ku karanta ƙorafin waɗanda suka yi awa goma zuwa sama suna bugawa, ana nuna awannin kowa a gefen sharhinsa. In mutum biyar sun ambaci matsala ɗaya, akwai ta.