Ki fara daga kwandon shara

'Yar'uwa, kin ce kina son rage ɓarna a gida da ɗan lambunki, amma kin rasa ta inda za ki fara. Ni dai da kwandon shara na fara.

Ɓawon kayan lambu, ɓawon ƙwai, ganyen da ya bushe, duk taki ne muke zubarwa. Ki samu tsohon bokiti ki huda gindinsa, ki riƙa zubawa, kashi biyu na busasshe kan kashi ɗaya na ɗanye. Ki yayyafa ruwa ya yi laima kamar soson da aka matse, ki juya shi sau ɗaya a mako iska ta shiga. Ban da nama, ƙashi da mai, wari da ɓeraye suke jawowa. Ranar da na fara cusa hannu cikin nawa na ji ɗumi, sai da na kira yara su taɓa. Cikin wata 2 zuwa 3, in da zafi, zai koma baƙi, yana ƙamshin ƙasar da ruwan sama ya jiƙa.

Ban ruwa kuma da sassafe, ki rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa kada rana ta shanye danshin. Ki duba famfo ma: wanda ke ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa yana zubar da kusan lita 11,000 a shekara, kuma sau da yawa ɗan robar ciki ne kawai ya cinye.

Don Allah kada ki ƙona leda a tsakar gida, hayaƙinta guba ne ga huhun yara.