Auna Ingancin Sautin Na'urar Kiɗa ta Hannu

Tambayarka ita ce yadda za ka gane wacce ta fi fitar da sauti mai tsabta tsakanin na'urorin kiɗa biyu ba tare da dogaro da kunne kaɗai ba.

Ka zuba fayilolin gwaji na WAV (nau'in fayil ɗin sauti da yawanci ba a matse shi) a na'urar, ka kashe duk wani gyaran sauti, sannan ka jona mafitar sautinta da mashigar katin sautin kwamfuta mai manhajar auna ingancin sauti irin RMAA. Ka duba ko ƙarfin sautin bai sauya ba daga 20 Hz zuwa 20 kHz (wato daga sauti mafi kauri zuwa mafi siriri da kunnen ɗan Adam ke iya ji), sai kuma yawan hayaniya da gurɓacewar sauti.

Wani kuskure da ake yi shi ne aunawa ba tare da an jona turjiya (resistor, wato abin da ke rage gudun lantarki) ta ohm 32 a madadin abin sauraro na kunne ba, domin wasu na'urorin sai an ɗora musu nauyin lantarki irin wannan aibinsu ke bayyana. A ganina turjiyar mafita, wato turjiyar da ke cikin mafitar sautin na'urar kanta, ita ce aka fi sakaci da ita, alhali ana so kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na ta abin sauraron. Idan kuma za ka gwada da kunne, ka daidaita ƙarar na'urorin biyu, don kunne yakan fifita mai ƙara.

Idan katin sautinka ya fi na'urar hayaniya, sai ka nemi injiniyan sauti mai na'urar awo irin ta kamfanin Audio Precision.