Sankarar Kaluluwa Da Ta Yi Nisa: Amsoshin Likita

Likita, an ce mahaifinmu yana da sankarar kaluluwa, wato limfoma, har ta kai mataki na 4. Kemo zai yi amfani kuwa, ko mu mai da shi gida? Daga Funtuwa.

Allah Ya ba Baba lafiya. Kada ku mai da shi gida. Limfoma tana jin kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara da akan sa ta jijiya, ƙwarai, ko ta bazu ana iya warkewa. Ku fara tambayar wane iri ce, domin nan maganar take. Idan Hodgkin ce, akan ba da haɗin magungunan kemo da ake kira ABVD duk mako 2 har wata 6, kuma mafi yawa suna warkewa. Idan DLBCL ce, mai saurin girma, akan ba da haɗin magungunan da ake kira R-CHOP duk kwana 21, zagaye 6. Kusan mutum 6 cikin 10 kan rabu da ita. Nau'in folikula kuwa tafiyar hawainiya take yi: da wuya ta tafi gaba ɗaya, amma ana shekaru masu yawa da ita.

Don kimanta yadda zai ji magani, mukan duba ko shekarunsa sun haura 60, ko sinadarin LDH ya hau a jini, ko cutar ta taɓa ɓargo ko hanta, da ko yana iya tashi ya yi hidimar kansa. Amma abin da ya fi damuna a wajenmu shi ne tsinka magani. Kumburi na sacewa bayan zagaye 2, sai a ce an warke, ko kuɗi su yanke. Idan ta dawo, ta fi taurin kai. Ku haɗa kan dangi tun yanzu, a tanadi kuɗin zagayen duka.

Me ya sa ba a yi wa mijina gashi ba? Daga Maraɗi.

Hajiya, gashi, wato ƙona sankara da hasken na'ura, wurin da aka saita kaɗai yake kamawa, kemo kuwa yana bin jini ko'ina. Sai idan akwai babban ƙullutu, ko wani ya rage bayan kemo, ake ƙarawa da gashi.

Ƙanwata tana kan kemo, jiya zazzaɓi ya rufe ta. Mu ba ta maganin maleriya? Daga Gombe.

A'a, asibiti yau ɗin nan. Kemo yana rage fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, musamman mako ɗaya zuwa biyu bayan ƙarin ruwan, don haka ƙaramar cuta kan iya kisa. Zafin jiki ya kai 38, ku tafi ko da tsakar dare ne, ku gaya musu ranar da ta karɓi kemo na ƙarshe.