Zuwa ga ƙanena mai shirin tahowa Texas, a kan maganar kamun kifi

Assalamu alaikum, ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma na yi murna da jin ka samu gurbin karatu a nan Texas. Allah ya sa albarka. Ka ce ka tashi a Yawuri cikin masunta, tun kana yaro kake jefa birgi, sannan ka ga hotunan Turawa a intanet suna ɗaga manyan kifaye ana miƙa musu cakin dubban daloli. Shi ne kake tambaya ko za ka iya dogara da kamun kifi ka riƙa rage kuɗin makaranta. Zan faɗa maka gaskiya tun kafin ka ɗaure kaya: kada ka sa wannan a lissafinka ko kaɗan. Kamun kifin da ka gani ɗin nan, mafi yawan masu yinsa kuɗi suke zubawa a ciki, ba sa komawa gida da ko sisi.

Bari in kai ka tafkin da aka fi ji da shi a wannan harka, wato Lake Fork. Madatsar ruwa ce a gabas da birnin Dallas, tafiyar awa ɗaya da rabi a mota, kusa da garuruwan Quitman da Emory. An tare ruwan a 1980, faɗinsa ya kai hekta 11,000. Idan ka kwatanta da Kainji da ka sani, ƙaramin ruwa ne. Amma tun ranar da aka tsara shi an yi tunanin kifi. Ba a sare yawancin itatuwan kwarin ba, aka bar su a tsaye ruwa ya shanye su, suka zama maɓoya. Sannan tun kafin ruwan ya cika aka zuba irin kifin da suke kira bass, wanda aka ɗauko asalinsa daga jihar Florida saboda ya fi na gida girma. Kifi ne mai faɗin baki, mafarauci, yana laɓewa a gindin kututture ko cikin ciyawar ruwa ya jira ƙananan kifaye.

A wannan tafkin ne wani mutum, Barry St. Clair, ya kama bass mai nauyin kilo 8 da kwata a watan Janairun 1992, kuma har yau ba a kama wanda ya fi shi ba a duk Texas. Na san za ka yi murmushi, kai da ka saba ganin giwan ruwan da sai ƙarti biyu sun ɗauka a bikin Argungu. To, a jinsin wannan kifin kilo 8 abin tarihi ne. Mafi girma da aka rubuta a duniya ma kilo 10 ne da ɗan ɗoriya, wanda George Perry ya kama a jihar Georgia a 1932, sai a 2009 wani Bajapane ya kama daidai da shi a tafkin Biwa. Mutum zai yi shekara da shekaru yana zuwa Lake Fork bai taɓa kama mai kilo 5 ba.

Abin da zai fi ɗaure maka kai shi ne, idan an kama, mayar da shi ruwa ake yi. Dokar tafkin ta ce duk bass mai tsawo tsakanin inci 16 da inci 24 sai a sake shi nan take. Biyar kawai aka yarje maka a rana, kuma a cikinsu ɗaya tak ne zai iya kai inci 24 ko ya wuce. Ko wanda doka ta ba ka ma, akasarin mutane aunawa suke yi, su ɗauki hoto, su sake shi. Idan kuwa ya kai fam 13, wato kusan kilo 6, kuma aka kama shi tsakanin Janairu da Maris, akwai shirin hukumar kula da gandun daji da namun dawa ta jihar mai suna ShareLunker, wanda aka fara a 1986. Ma'aikata za su zo da mota mai tanki su ɗauki kifin da ransa zuwa cibiyarsu da ke garin Athens, ya yi ƙwai a can, a raini 'ya'yan a zuba a tafkuna, uwar kuma a mayar da ita inda aka kamo ta. Manyan nan duk mata ne, kuma kafin ɗaya ta kai wannan nauyin takan yi kusan shekara goma.

Ni dai wannan tsari ya kwanta mini, kuma duk lokacin da na gan shi sai ruwanmu na gida ya faɗo mini a rai. Ka fi ni sanin yadda taru mai ƙananan ido yake kwashe har 'ya'yan kifin da ba su kai yatsa ba, da yadda dattawa suke cewa kifin da suke kamawa da ƙuruciya yanzu sai labari. Ba na zargin masuncin da iyali ke jiransa da cefane. Baturen da ya saki kifi ya san abincinsa na gida cikin firiji. Amma barin uwa ta hayayyafa ilimi ne da sarakunan ruwanmu suka sani tun da can, lokacin da suke rufe wasu guraben ruwa sai an ba da izini.

Yanzu maganar kuɗin da ka gani. Gasar gaskiya ce. Wadda ta fi kowace girma, Bassmaster Classic, tana ba zakara dala 300,000, kuma ta 2025 a nan kusa da mu aka yi ta, a tafkin Ray Roberts. A 2024 wani yaro ɗan shekara 19, Trey McKinney, ya ci babbar gasa a Lake Fork ɗin nan. Sai dai hoton ba ya nuna maka abin da ke bayansa. Sabon jirgin gasa da injinsa da na'urorin da ke nuna kifi a ƙarƙashin ruwa yakan fi sabuwar mota tsada. Ga motar jan jirgin, ga mai, ga masauki, ga kuɗin shiga gasa, kuma da yawa daga cikin masu shiga ko kuɗin da suka kashe ba sa mayarwa. Gwanintar ma daban ce da taka. Sanda ce da zare da koton roba ko na ƙarfe, a wuni ana jefawa ana janyowa, ana sauya launi da zurfi gwargwadon zafin ruwa da lokacin shekara. Daga Fabrairu zuwa Afrilu, idan ruwa ya fara ɗumi, matan suna matsowa bakin gaɓa don yin ƙwai, shi ne lokacin da tafkin ke cika da baƙi daga jihohi masu nisa.

Ga kuma abin da nake so ka riƙe da hannu biyu. Bizar ɗalibi ba ta ba ka damar yin sana'a a wajen makaranta ba sai da izini na musamman, aikin cikin makaranta ma awa 20 ne a mako idan ana karatu. Sayar da bass ko sauran kifayen wasa, wato waɗanda doka ta ware don kamun nishaɗi, da ka kama a ruwan gwamnati laifi ne ga kowa, ɗan ƙasa da baƙo. Kafa kalli haramun ne. Birgi an yarda da shi, amma don kama kifayen da ba na wasa ba kawai, irin ƙananan kifayen koto, idan kifin wasa ya faɗa ciki sai ka sake shi. Jami'an tsaron ruwa 'yan sanda ne cikakku, suna duba lasisi, suna buɗe akwatin ƙanƙara su auna kifi ɗaya bayan ɗaya. Tara ga ɗan ƙasa ciwon aljihu ce kawai, amma kai baƙo ba ka son sunanka ya shiga takardar kotu. Ko ƙaramar gasa ce mai kyautar kuɗi, kada ka shiga sai ka tambayi ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarka.

Duk da haka ban ce ka rabu da ruwa ba, don na san kewa za ta dame ka, kuma bakin tafki na rage ta. Da zarar ka zauna ka sayi lasisi. Ana sayar da shi a manyan shaguna da intanet, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, na baƙo ya fi na mazauni tsada, sai ka wuce wata shida a jihar kafin a lissafa ka mazauni. A wuraren shaƙatawa na gwamnatin jiha kuwa, idan daga gaɓa kake jefa ƙugiya ko lasisin ba a nema. Ka bar musu bass ɗinsu, ka nemi na miya. Akwai dangin tarwaɗa masu yawa, suna cin hantar kaza da tana. Akwai wani farin kifi mai daɗi da suke kira crappie, ana ba ka har 25 a rana. A Lake Fork ma daga Disamba zuwa Fabrairu doka ta ce 25 na farko da ka kama ka riƙe su komai ƙanƙantarsu, domin a can ƙasa suke zama da sanyi, idan an jawo su sama da wuya su rayu. Kowane tafki da ƙa'idarsa, saboda haka ka karanta littafin dokokin hukumar kafin ka fita. Idan wani ya gayyace ka jirginsa, ka sa rigar ceto ko da kana ji da iya iyo. Ruwan hunturu a nan yana sandarar da jiki cikin 'yan mintoci, ga kututturan da ke laɓe ƙarƙashin ruwa.

Idan kuma son kifin ya kai maka har zuci, ka duba ko za ka iya karkata karatunka wajen ilimin kiwon kifi da kula da tafkuna. Jami'o'i da dama a nan suna koyar da shi, Texas A&M na cikinsu, kuma ɗalibansu suna fita da jirgi su ƙirga kifi su auna shekarunsa. Wanda ya tashi yana karanta ruwa da ido kamarka zai shiga ajin da abin da littafi ba ya bayarwa, kuma cibiyar binciken kifi da ke New Bussa tana maƙwabtaka da gidanku idan ka tashi komawa. Kuɗin shekarar farko dai ka tabbata sun cika a hannu kafin ka hau jirgi. Ka turo mini ranar saukarka da sunan filin jirgin, ka kuma gaida su Baba da kyau.